Maigida Baƙo a Gidansa: Yadda Mijin 'Yar Tailan Ke Sabunta Izinin Zama

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne wata magana da ta daɗe tana yawo a gidanmu game da kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda yake zaune a ƙasar Tailan fiye da shekara goma ke nan. Wani abokin fataucinsa ya taɓa faɗa a zaurenmu cewa Kawu yana da kuɗi jibge a banki can, ba ya taɓa su. Tun daga ran nan, duk sa'ad da aka nemi taimakonsa ya ce a yi masa haƙuri na wata biyu ko uku, sai a kama gunaguni. Waɗansu su ce rowa ce, waɗansu su ce matarsa ce ta mallake shi. Ni ma ba zan ɓoye muku ba, shekarar da kuɗin jarrabawata ya makara na sa baki a cikin maganar.

Da ya zo gida Babbar Sallar da ta wuce, wata rana bayan isha'i na ga babu kowa a wurinsa, sai na yi ƙarfin hali na ce, "Kawu, wai da gaske ne akwai kuɗin da kake ajiyewa ba ka taɓawa?" Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Ɗana, shiga ɗaki ka ɗauko mini baƙar jakar nan." Ya zazzage ta a kan tabarma. Ga fasfo biyu, tsoho da sabo, an cika su da hatimi, ga kuma tulin takardu da hotuna. Muka kai wajen ƙarfe goma sha biyu na dare yana yi mini bayani. Abin da na koya a daren nan shi ne nake so in rattaba muku, domin na tabbata ba gidanmu kaɗai ke da ɗan'uwa a ƙasar waje wanda ake yi wa irin wannan zato ba.

Da farko dai, Tailan ƙasa ce a kudu maso gabashin nahiyar Asiya. Babban birninta Bankok, sunan kuɗinta bat. Yawancin mutanenta mabiya addinin Buda ne, amma akwai Musulmi miliyoyi, musamman a kudancin ƙasar da kuma cikin Bankok. Ƙasar ta shahara wajen gyaran duwatsu masu daraja. Garin Cantaburi, gabas da Bankok, yana da kasuwar duwatsu wadda fatake daga Afirka ke kai wa kaya, a ƙona dutse a yanke shi a goge, darajarsa ta ninka. Shuɗin yakutun da ake haƙowa a tsaunin Mambila na Jihar Taraba yana cikin abin da ake kaiwa can. Wannan fatauci shi ya kai Kawu Tailan, can kuma Allah ya haɗa shi da matarsa, Musulma 'yar ƙasar. Suna da 'ya'ya biyu.

To, ga abin da ya fara ba ni mamaki. A gidan nan mai mutum huɗu, uku 'yan ƙasa ne, maigida kaɗai ne baƙo. 'Ya'yan sun sami zama 'yan Tailan ta wajen uwarsu tun ran da aka haife su. Shi kuwa aure bai mai da shi ɗan ƙasa ba, ya dai ba shi damar ya riƙa roƙon a bar shi ya zauna, shekara ɗaya ɗaya. Kowace shekara sai ya koma ofishin shige da fice ya sake nuna cewa auren nan yana nan, na gaskiya ne, kuma yana da abin riƙe iyalinsa. Hukumar shige da fice ta Tailan reshe ce ta 'yan sandan ƙasar, dokar da take aiki da ita kuwa an kafa ta a 1979. Su a takardunsu za ka ga an rubuta 2522, domin lissafin shekarunsu na Buda ya ɗara na Miladiyya da shekara 543. Watau 2025 ita ce 2568 a wurinsu. Kawu ya ce wannan shi ne abu na farko da baƙo zai koya, in ba haka ba ya riƙe takarda bai san ko ta bana ce ko ta bara ba.

Tushen al'amarin duka shi ne rajistar aure. An ɗaura auren Kawu a masallaci, da waliyyi da shaidu da sadaki, kamar yadda addini ya tanada. Amma ma'aikacin shige da fice ba wannan yake tambaya ba. Abin da yake nema shi ne auren da aka rubuta a ofishin gunduma, wanda yake kwatankwacin ofishin ƙaramar hukuma a nan gida. Kafin a rubuta, sai baƙo ya kawo takarda daga ofishin jakadancin ƙasarsa mai shaida cewa ba shi da wani aure a kansa, a fassara ta da harshen Tai, Ma'aikatar Harkokin Waje ta buga mata hatimi. Dalili kuwa shi ne, tun 1935 dokar aure ta Tailan mace ɗaya ta sani ga namiji ɗaya. Ko da yake tun 1946 an yarda Musulmin larduna huɗu na kudu, watau Fatani da Yala da Naratiwat da Satun, su bi shari'ar Musulunci a kan aure da gado, mai neman izinin zama dai takardar gunduma zai nuna. In an gama rajista ana ba ango da amarya takardar shaida mai ado, suna kiranta Ko Ro 3. Akwai kuma Ko Ro 2, wadda ita ce kwafin abin da ke cikin littafin rajista. Wanda ya yi aurensa a wata ƙasa sai ya kai a rubuta shi a gunduma, a ba shi Ko Ro 22.

Bayan aure sai biza. A nan Kawu ya tsaya ya rarrabe mini abu biyu waɗanda mu a gida muke haɗawa. Biza daban, izinin zama daban. Ya ce biza kamar sallama ce a ƙofar gida, izinin zama kuwa shi ne kwanakin da maigida ya ce ka yi. Bizar da ta dace da mijin 'yar ƙasa ita ce mai harafin O, wadda ake nema daga ofishin jakadancin Tailan, kamar wanda ke Abuja. Tun farkon 2025 ta intanet ake cika takardun neman. Mu 'yan Nijeriya akwai ƙarin sharaɗi a kanmu, sai mutum ya kawo takardar wankewa daga hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, watau NDLEA. Wannan kuwa abin da waɗansu ɓata-gari suka jawo wa na kirki ne. In mai wannan biza ya sauka, za a buga masa hatimin kwana 90. A cikin watan ƙarshe na kwanakin nan ne zai je ofishin shige da fice na lardin da yake zaune ya nemi ƙarin shekara guda. Haka kuma zai riƙa yi kowace shekara kafin ranar da ke jikin hatiminsa ta cika.

Yanzu mun iso kan maganar kuɗin nan da ta raba kan gidanmu. Doka ta ce namiji baƙo mai auren 'yar Tailan ya nuna ɗaya daga cikin abu biyu. Ko dai samun da bai gaza bat 40,000 ba kowane wata, ko kuwa bat 400,000 ajiye a wani banki na cikin Tailan. Wannan adadi ya haura dalar Amurka 10,000. Asusun kuma lalle ya zama da sunansa shi kaɗai, ba na haɗin gwiwa da matarsa ba. Sa'an nan kuɗin su kwana a ciki wata biyu cur kafin ranar da zai miƙa takardunsa, ba tare da sun ragu ko da bat ɗaya ba. In sun ragu yau ya mayar gobe, lissafin ya rushe, sai a fara ƙirga daga goben. An yi haka ne don kada mutum ya ranto kuɗi da safe, ya nuna da rana, ya mayar wa mai su da yamma.

Na ce, "To Kawu, me ya hana ka bi hanyar samun wata-wata?" Ya ce mai albashi ita ta fi masa sauƙi, sai ya nuna takardun aikinsa da na harajin da ya biya. Amma cinikin dutse yau samu gobe rashi. Wani watan ka sami na wata biyar, wani watan ko na cefane babu, ma'aikaci kuwa yana so ya ga kowane wata ya cika. Saboda haka kowace shekara sai ya janye babban kashi na jarinsa daga kasuwa ya kwantar a banki. Yana ji yana gani kaya mai kyau zai wuce shi a kan araha, ba shi da ikon saye. In an haɗa wata biyun nan da watan jiran amsa, wanda zan yi bayaninsa nan gaba, kusan wata uku ke nan. Bayan an buga masa hatimin shekara yana iya taɓa kuɗinsa, sai kuma baɗi. Wannan ita ce wata ukun da muke cewa rowa. Duk da haka ya ce su masu aure an sassauta musu, domin baƙon da ya kai shekara 50 yana son ya zauna don hutun tsufa, shi bat 800,000 ake nema a wurinsa.

Sai takardu. Na ƙirga abin da ke cikin jakar nan har na gaji, amma ga muhimmansu. Akwai fom ɗin roƙo mai lamba TM.7, da hoton mai roƙo manne a jiki, da kuɗin aiki bat 1,900. Akwai kwafin shafukan fasfo. Akwai takardar aure, da sabuwar Ko Ro 2 wadda ake karɓowa daga gunduma kowace shekara, don ita ce ke nuna ba a yi saki ba. Akwai katin ɗan ƙasa na matar, da littafin gidansu, wani ɗan littafi mai shuɗin bango wanda ake rubuta sunayen 'yan ƙasa mazauna kowane gida. Akwai takardun haihuwar 'ya'ya. Akwai wasiƙar banki mai tabbatar da abin da ke cikin asusu, da littafin banki wanda aka sa wa lissafin ranar. Akwai kuma shaidar TM.30, watau sanarwar da doka ta wajabta wa duk mai gida ko mai masauki ya yi cikin awa 24 in baƙo ɗan wata ƙasa ya sauka a wurinsa. Ku duba abin dariya, matar Kawu ce ke sanar da hukuma cewa baƙo ya sauka a gidanta, baƙon kuwa mijinta ne. Yawancin ofisoshi suna son kowace takarda kwafi biyu, kowane shafi da sa hannu. Ranar miƙawa kuma dole matar ta zo da ƙafarta, domin ita ma za a yi mata tambayoyi ta sa hannu. Ofisoshi sukan ɗan bambanta a kan ƙananan abubuwa, shi ya sa mai hankali yakan je ya tambaya tun da sauran lokaci.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne hotuna. Ana bukatar hoton miji da mata tsaye a ƙofar gida, lambar gidan tana fitowa sosai. Ana bukatar nasu a falo, da nasu tare da yara, har da na cikin ɗakin kwana suna zaune a bakin gado. Sa'an nan a zana taswirar hanya daga ofis ko daga babban titi har ƙofar gida. Na ga hoton Kawu a bakin gado ya murtuke fuska kamar wanda aka kama. Ya ce, "Ɗana, ni Bahaushe, wanda ko sunan ɗan fari ba na faɗa, ga ni ina miƙa wa baƙuwar mace hoton ɗakin matata. Shekarar farko kamar ƙasa ta tsage in shige." Amma ya ce daga baya ya gane dalilinsu. An sha kama mutanen da suka biya wata mace kuɗi aka rubuta musu auren ƙarya, ba su ma san hanyar gidanta ba. Hoto da taswira don irinsu aka ƙirƙiro.

Saboda wannan dalili ne kuma ma'aikata kan kai ziyara gida, musamman a shekarar farko. Sukan zo su ga ma'auratan, su ɗauki hoto tare da su, su tambayi maƙwabta ko da gaske mutumin nan a nan yake kwana. Waɗansu ofisoshi ma sukan ce a kawo maƙwabci ko biyu su yi shaida da katinsu. A nan Kawu ya ja kunnena. Ya ce baƙon da ba ya gaida maƙwabta, ba ya zuwa jana'izarsu, ba ya leƙa marar lafiyarsu, ran da ma'aikaci ya ƙwanƙwasa ƙofarsu zai gane kurensa. Shi tsohuwar da ke sayar da abinci a bakin layinsu ita ta tsaya masa, ba addininsu ɗaya ba, ba harshensu ɗaya ba. Ashe haƙƙin maƙwabtaka da ake koya mana a darasin addini har a ofishin shige da fice yana da rana.

In an karɓi takardu ba a ba da shekarar nan take. Sai a buga wani hatimi mai cewa ana duba roƙonsa, a ba shi kwana 30, a tura fayil ɗinsa babban ofishin yanki. A cikin kwanakin nan mai hankali ba ya taɓa kuɗin banki, domin ana iya cewa ya sake kawo littafin. Ranar da aka rubuta masa sai ya koma, in Allah ya sa an yarda a buga masa hatimin shekara. Kawu ya ce duk shekara in ya ji ƙarar hatimin nan a kan fasfonsa sai ya yi hamdala, ya saya wa yara kaza a hanyar gida.

Kada ku ce an gama. Akwai waɗansu igiyoyi uku da ke ɗaure da wannan izini.

Ta farko, duk baƙon da ya yi kwana 90 a jere a cikin ƙasar sai ya sanar da hukuma inda yake zaune, da fom mai lamba TM.47. Ana iya yi da kai, ko ta gidan waya, ko ta intanet. Wanda zai je da kansa an ba shi daga kwana 15 kafin ranar zuwa kwana 7 bayanta. In ya wuce haka tarar bat 2,000 ce. Wannan sanarwa ba ta ƙara wa izini ko kwana ɗaya, kuma da yawa sukan ruɗe su ɗauki ranar da ke jikinta a matsayin ranar ƙarewar zamansu.

Ta biyu ita ce izinin komowa. Wanda ke da hatimin shekara, in ya fita ƙasar bai sayi wannan izini ba, hatiminsa ya mutu tun daga filin jirgi, ko da saura wata goma sha ɗaya a jiki. Sai ya koma farko, daga neman biza. Fom ɗinsa TM.8 ne. Na fita ɗaya bat 1,000, na fita da yawa bat 3,800. Kawu ya nuna mini nasa, wanda ya saya kafin ya taho Salla. Ya ce ko rasuwa aka yi masa, sai ya tsaya ya sayi wannan kafin ya hau jirgi. In zai koma kuma sai ya cika katin shiga ta intanet, wanda ya maye gurbin na takarda tun ran 1 ga Mayu, 2025.

Ta uku, izinin zama ba izinin aiki ba ne. Mijin 'yar ƙasa yana da damar neman takardar aiki daga Ma'aikatar Ƙwadago, amma sai ya nema ɗin, ita ma da nata sharuɗɗa da nata sabuntawa. Har wa yau aure bai ba shi ikon mallakar fili ba. Filin da gidansu yake kai da sunan matarsa yake, ran da aka saya ma sai da ya sa hannu a ofishin filaye cewa dukiyarta ce ita kaɗai. In kuwa aure ya mutu, izinin zaman da aka gina a kansa ya faɗi tare da shi, sai dai mutum ya nemi wani dalili, kamar riƙon ɗansa ɗan ƙasa.

Mene ne hukuncin wanda ya bari ranarsa ta wuce? Tarar bat 500 ce kowace rana, har ta kai 20,000. Amma tara ita ce ƙaramar. Tun ran 20 ga Maris, 2016, wanda ya wuce da fiye da kwana 90 ya miƙa kansa, za a hana shi shiga ƙasar shekara 1. In ya wuce da fiye da shekara 1, hanin shekara 3 ne. Fiye da shekara 3, hanin shekara 5. Fiye da shekara 5, hanin shekara 10. Wanda kuwa kama shi aka yi, ko da kwanakin da ya wuce kaɗan ne, hanin shekara 5 ne, in ya haura shekara guda kuma shekara 10. Ku auna wannan da mai ɗa ɗan shekara huɗu. Kafin uban ya sake taka ƙasar, yaron ya manta kamanninsa.

Da muka kawo nan sai Kawu ya buɗe wani tsohon littafin banki, ya ɗora yatsa a kan wani layi, ya ce in duba kwanan watan. Na duba, sai na ga makon da aka kwantar da kakarmu a asibiti za a yi mata aiki. Na tuna daren nan sarai. Mahaifiyata ta buga masa waya tana kuka, kafin azahar ta kashegari kuɗi sun iso. Abin da ba mu sani ba shi ne, lokacin yana tsakiyar wata biyun nan ne, kuma ba shi da wasu kuɗi a hannu sai na asusun. Ya cire bat 30,000 ya turo. Bayan kwana tara ya sayar da wani dutse da hasara ya mayar, yana fatan ba za a lura ba.

Ran da suka je ofis, ma'aikaciyar ta bi littafin da yatsa layi layi, ta tsaya daidai wurin. Ta ce kuɗin ba su cika wata biyu ba, ba ta da ikon karɓar takardun. Ya ce bai ga laifinta ba, abin da doka ta ce ta faɗa. Saura kwana goma izininsa ya ƙare. Matarsa ta fashe da kuka a gaban jama'a, shi kuwa ya ce ji ya yi ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa. In ya fita, sai ya dawo har Abuja neman sabuwar biza, ya bar mace da yara biyu da kasuwa, ba ranar komawa. In ya zauna, ya zama mai laifi.

Allah da ikonsa, akwai wata ƙofa a cikin dokar, ma'aikaciyar ce ma ta nuna musu. Mijin 'yar ƙasa yana iya neman ƙarin kwana 60 da sunan ziyarar iyali, a kan bat 1,900, ba tare da nuna kuɗin banki ba. Sau ɗaya tak ake ba da shi a kowace shiga ƙasar, shi kuwa bai taɓa amfani da nasa ba. Aka buga masa. A cikin kwanakin nan kuɗin suka cika wata biyu, ya sake tattara takardu tun daga farko, ya sami shekararsa. Na ce, "Kawu, me ya sa ba ka taɓa faɗa wa kowa ba?" Ya ce, "In faɗa wa wa? Uwata ce. Ko yau aka sake, haka zan yi. Amma kuɗin biki da na ɗinkin Salla, waɗannan sa iya jira."

Wani abu kuma da ya kamata ku sani, sharaɗin kuɗin nan a kan maza kaɗai yake. Mace baƙuwa mai auren ɗan Tailan ba a tambayarta bat 400,000. Da na ce wannan rashin adalci ne, sai Kawu ya ce in bincika namu tukuna. Na tambayi malaminmu na darasin gwamnati, ya buɗe mini tsarin mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 26. Baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya tana iya zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, amma baƙon da ya auri 'yar Nijeriya ba a ba shi wannan dama ba. Ashe abin da muke kuka da shi a gidan wani, muna yin irinsa a namu. A Tailan dai wanda ya yi shekara 3 a jere da hatimin shekara yana iya neman zama na dindindin, sai dai mutum 100 kaɗai ake ba kowace ƙasa a shekara, kuɗinsa da tambayoyinsa kuma ba na wasa ba ne. Kawu yana da niyya, muna yi masa addu'a.

Kashegari na kwashe labarin littafin bankin nan na faɗa wa mahaifiyata. Ba ta ce komai ba, ta tashi ta shiga ɗaki. Da yamma na ga ta dama fura da kanta, ta sa a sabuwar ƙwarya ta kai wa ƙanenta, abin da ban taɓa gani ba.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, in ɗanku ko ƙanenku da ke wata ƙasa ya ce a yi masa haƙuri, ku tambaye shi dalili kafin ku yanke masa hukunci, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, na san da yawa daga cikinmu burinmu mu gama makaranta mu haye jirgi. Ba laifi ba ne. Amma duk ƙasar da mutum zai je, ya san dokarta tun kafin ya ɗaura kaya, ya shiga ta ƙofa, ya riƙe takardunsa, ya rubuta ranakunsa inda zai riƙa gani. Kawu ya ce a bangon ɗakinsu akwai kalanda mai da'ira uku da jan biro: ranar sa kuɗi a banki, ranar sanarwar kwana 90, da ranar ƙarewar izini. Babbar 'yarsa, mai shekara tara, ita ke tuna masa in ɗaya ta matso.

Allah ya kare matafiyanmu, ya sada su da iyalansu lafiya, ya ba mu sa'ar jarrabawa.